Kishina da Haruffan Dutse na Armeniya

Tun da muka dawo ban huta da tambaya ba. A masallaci ranar Juma'a, a shagon kayan miya na nan Springfield ta Amurka, har a wajen sunan da aka yi a Woodbridge, inda Hajiya Rabi ta riƙe mini gefen mayafi ina tsakiyar cin tuwo ta ce, "Maman Safiya, wai me ya kai ki ƙasar da ko sunanta ba mu iya faɗa ba?" Wata baiwar Allah 'yar Maraɗi kuwa ta ɗauka Jamus na je, don su Alman suke ce mata. Na gaji da ba da labarin guntu-guntu. Shi ya sa na zauna na rubuta shi gaba ɗaya, da abin da ya yi mini daɗi da wanda har yanzu yake tsaye mini a wuya.

Safiya ce ta kai ni. 'Yata ce ta fari, shekararta sha shida, a nan aka haife ta. Tana jin Hausa sarai, ko da habaici kika yi mata ta gane, amma amsa sai da Turanci. Babanta a gidan rediyo yake aiki, sashen Hausa. Kullum muryarsa tana shiga ƙauyukan da bai taɓa takawa ba, ya dawo gida ya ce, "Safiya, kin ci abinci?" ta amsa masa da harshen Bature. Mun saba, har mun daina ji.

Aminiyarta tun firamare sunanta Ani. Gidansu yana bayan namu, katanga ce kawai ta raba mu. Mahaifiyar Ani, Lusin, 'yar Armeniya ce, tana aiki a kantin magani, mace mai kirki wadda ba ta zuwa gidanka hannu sake. Da dogon hutu ya gabato suka ce za su je gida ganin tsohuwa, suka roƙi mu ba su Safiya. Babanta ya ce ba inda za ta je ita kaɗai, shi kuma ba za a ba shi hutu ba. Ni ce aka ba hutu a gidan kula da tsofaffi da nake aiki. Haka na tsinci kaina a filin jirgin Dulles, da akwati da carbi, ina shirin zuwa ƙasar da sai a daren jiya na neme ta a taswira.

Mun canza jirgi a Istanbul, muka sauka Tbilisi, babban birnin Jojiya. Ba Jojiyar da su Atlanta suke ba, wata ce daban. Na tambayi Lusin me ya hana mu shiga ta Turkiyya tunda maƙwabta ne. Ta ce iyakar a rufe take, akwai tsohon ciwo tsakaninsu. Yadda ta kawar da kai ya sa ban ƙara tambaya ba.

Ƙanenta Aram ne ya zo ɗaukar mu, a wata tsohuwar Marsandi mai warin taba. Na zaci direbobin hanyar Kano zuwa Zariya sun gama nuna mini komai, ashe da saura. Aram yana wuce babbar mota a kan kwana, in ya hango coci a kan tsauni sai ya saki sitiyari ya yi alamar gicciye a ƙirjinsa. Shi yana nasa, ni ina nawa a baya, ban bar addu'a ko ɗaya da na sani ba.

A kan iyakar Jojiya da Armeniya aka ce kowa ya sauko da kayansa ya bi ta wani dogon ɗaki. Jami'in ya duba fasfona na Amurka, ya duba inda aka rubuta garin haihuwa, ya ɗago ya dubi mayafina, ya sake duba fasfon. Daga nan wani ya buɗe akwatina ya ci karo da robar daddawa da na naɗe cikin zani. Da ya ɗaga murfin sai da ya ja da baya. Ya kira ɗan'uwansa, shi ma ya shinshina ya toshe hanci. Lusin tana can baya tana fama da nata kayan. Ina ta nuna baki da hannu, ina cewa abinci ne, ba wanda ya gane.

Sai na ji wata murya a gefena tana magana da harshensu. Na juya. Safiya ce.

Ba kalma ɗaya ba, ba biyu ba. Ta gaishe su, ta faɗi wani abu tana nuna robar, tana nuna ni. Jami'in ya saki baki, sannan ya fashe da dariya, ya kira sauran su zo su ji. Nan take aka rufe mini daddawata, aka buga mana hatimi, har da ɗaga hannu.

"Me kika ce musu?"

Ta ce da Turanci, "Na ce kayan miyar mamata ne, warin ne kawai ba daɗi."

"A ina kika koya?"

"Wajen Ani. In tana aikin makarantarsu ta Asabar ina zama da ita."

Kowa a motar yana ta yaba ta. Aram har da buga sitiyari. Ni ma na yi murmushi, don uwa ce ni, kuma ta fitar da ni kunya. Amma wani abu ya zauna mini a ƙirji tun daga wannan iyaka, bai tashi ba. Muka bi ta cikin kwazazzabai da ramukan da aka huda cikin dutse ba ko fitila, shanu suna tare hanya, ban ga komai sosai ba. Ina ta juya abu ɗaya: yarinyar nan da bakinta ba ya buɗewa da harshena, ga shi ya buɗe da na wasu.

Gidansu yana wani gari da ake kira Ashtarak. Tsohuwar, wadda kowa yake kira Tatik, wato kaka, 'yar ƙarama ce, sanye da baƙaƙen kaya tun rasuwar mijinta, da haƙoran zinare a gaba. Ta rungumi jikarta, sannan ta kama fuskar Safiya da hannu biyu ta sumbace ta a kumatu tana cewa "Safiya jan." Su haka suke, duk wanda suke ƙauna sai su liƙa wa sunansa jan. Ni ma kafin magariba na zama Binta jan.

Ban gama zama ba tsohuwa ta dube ni ta ce, "Tsiran?" Na ce ikon Allah, har nan ma akwai tsire? Bayan abincin jirgi, na gyaɗa kai da sauri, yawuna har ya tsinke. Aka shigo da faranti cike da wasu 'ya'yan itace ruwan ɗorawa, masu laushi, da ƙwallo a ciki. Su ne tsiran. Da na ba Lusin labarin abin da na zata, ta yi dariya har da hawaye, ta fassara wa gidan, kuma tun daga ranar in Aram ya gasa wani abu sai ya leƙo ya ce, "Binta jan, tsiran!"

Maganar gaskiya, sun karrama mu. Lusin ta riga ta gaya musu abin da ba ma ci, don haka aka sayo sabuwar tukunya da sabon ƙarfen gashi saboda mu, kullum kifi da kayan lambu. Da tsohuwa ta gan ni ina neman inda zan shimfiɗa ɗankwali in yi salla, sai ta sa aka sauko da wata darduma daga jikin bango, don su a bango suke rataye darduma. Burodinsu kuwa gurasa ce, ba wani abu ba. A tanderun da aka haƙa cikin ƙasa suke yi, mata na zaune a bakinsa suna manna ƙullu a jikin bangon, sai dai tasu faffaɗa ce, siririya kamar mayafi. Na tsaya a kansu sai na ji kamar ina Jakara ta Kano wajen masu gurasa. Suna da kindirmo mai kyau, amma gishiri suke zuba masa su sha. Na nemi sukari, suka dube ni kamar na nemi in zuba wa miya zuma.

Abin da ya fi gajiyar da ni shi ne cin abincinsu. Ba a zama a ci a tashi. Sai namiji ya miƙe da kofin giya a hannu ya yi jawabi a kan iyaye, a kurɓa, wani ya miƙe ya yi a kan matattu, a kurɓa, wani a kan baƙi. Abinci yana hucewa ana ta magana. Ni da ruwan tsiran nake bin su. Bayan an sha gahawa kuma tsohuwa ta so ta kife kofina ta duba mini abin da ke gaba. Na riƙe kofina gam na ce a gaya mata na gode, na bar wa Allah. Ba ta ji haushi ba, ta duba na Aram ta ce har yanzu ba aure a ciki.

Duk wannan mai sauƙi ne. Abin da yake ci na shi ne Safiya. Yarinyar da a gida sai na yi magana sau uku take wanke kofin da ta sha shayi, a nan da sassafe tana gindin tsohuwa, suna naɗe shinkafa cikin ganyen inabi. Tsohuwa ta nuna abu ta faɗi sunansa, Safiya ta maimaita. In ta yi kuskure su yi dariya tare, ta sake. Ina zaune a kan kujera ina kallon su ta taga. Na tuna Hajiyata a Kano, yadda take ɗokin ranar Lahadi in na kira, ta ce, "Ba ni kishiyata in ji muryarta." Safiya ta karɓi waya ta ce, "Lafiya lau, Kaka," ta miƙo mini kamar wayar tana da zafi. Ga wata tsohuwa a nan, ba dangin iya ba na baba, tana samun abin da uwata take roƙo.

Ana saura kwana kaɗan mu taho Aram ya ce yau sai wajen haruffa. Ba nisa, a gefen babbar hanya ne, a gindin wani tsauni mai ƙanƙara a ka. Na zaci gidan tarihi ne mai ƙofa da mai gadi. Ashe fili ne fetal, ba katanga, ba rufi. A cikin ciyawa aka kakkafa haruffan harshensu, kusan arba'in, kowanne an sassaƙa shi da dutse, wasu sun kai tsayin mutum, wasu ja, wasu baƙi, wasu ruwan toka. Akwai mutum-mutumin malamin da suka ce shi ya tsara musu haruffan tun zamanin da, yana zaune kamar mai jiran ɗalibai. Iska tana kaɗawa da sanyi, a tsakiyar bazara, sai da na ƙara naɗe mayafi.

Mutane cike. Ga wata malama da 'yan makaranta, ga amarya da ango ana ɗaukar su hoto, ga wasu da Lusin ta ce daga Faransa da Rasha suka zo, jikokin waɗanda suka bar ƙasar tun da daɗewa. Al'adar wurin ita ce kowa ya nemi harafin farko na sunansa ya tsaya a jikinsa. Na ga wani ƙaton mutum mai furfura ya rungumi dutse yana share ido. Na ga uwa ta ɗora jaririnta a cikin lanƙwasar wani harafi. Tsohuwa Tatik, da ƙyar take tafiya, ta je ta shafa harafin sunan mijinta.

'Yan makarantar suka fara rera haruffan a jere, "Ayb, ben, gim." Ani ta shiga. Sai ga Safiya ita ma, tana tafiya tana taɓa kowane dutse tana faɗin sunansa, ba gargada, har ƙarshe. Malamar ta tsayar da yaranta ta nuna musu ita, suka tafa mata. Daga nan ta ruga wajen nata harafin, wanda a idona ba shi da maraba da U na boko, ta shige cikinsa ta ce, "Mama, ɗauke ni!"

Na ɗauke ta. Hoton ma bai fito daidai ba.

Ku fahimce ni, ba haushin mutanen nake ji ba. Kishi ne tsagwaronsa. Na tsaya ina lissafin yawanmu, daga Kano zuwa Damagaram zuwa Kumasi zuwa Sudan. Duk mutanen ƙasar nan in aka zuba su a Kano ba za su cika ta ba. Amma ga su sun fito da haruffansu fili, sun ba su tsauni guda, suna kawo jarirai su gaishe su.

Ina cikin wannan Aram ya matso, Lusin tana fassara. Ya ce, "Binta jan, ku yaya naku haruffan suke?"

Na ce muna rubutu da boko, irin na Turawa, muna kuma da ajami, irin na Larabawa.

Ba da mugunta ya faɗa ba, da tausayi ma ya faɗa, kuma tausayin ne ya fi ƙona ni. Ya ce, "Ashe ba ku da naku na kanku."

Ban san lokacin da na tsuguna ba. Na tsinci wani tsinke, na share ƙasa da tafin hannu, na zana ɓ, na zana ɗ, na zana ƙ, manya-manya, kowanne da ƙugiyarsa. Na ce, "Gaya masa waɗannan ba Baturen da ya iya faɗin su. Bakinmu ne ya sa aka lanƙwasa su."

Suka zagaye ni suna kallo. Safiya ta leƙo ta saman kafaɗata, ta ce da Turanci, a gaban kowa, "Au, haruffa ne? Na ɗauka kwamfutar Baba ce take da matsala."

Na miƙe. Da Hausa na yi mata, da ƙarfi, har amaryar can ta waiwayo. "Kin haddace na mutane kusan arba'in, namu guda uku ba ki ma san da su ba? Uku, Safiya!"

Idonta ya kawo ruwa, amma ba ta sunkuyar da kai ba. Ta ce, "A nan in na yi kuskure gyara mini ake yi. Da muka je Kano, duk wanda na yi wa Hausa sai ya kira wani ya ce zo ka ji Baturiya. Har da su Anti. Shi ya sa na daina."

Ani ta kama hannunta. Lusin ta yi kamar tana neman wani abu a jaka.

Tsohuwa ce ta katse shirun. Ba ta ji ko kalma ɗaya ba, amma ta dogara sandarta ta zo ta nuna harafin ƙarshe da na zana a ƙasa, tana tambayar yadda ake faɗinsa. Na rubuta mata kalma guda a gefensa: baƙi. Na ce Lusin ta gaya mata, a rubuce kalmar nan tana nufin launin fatata, tana nufin mutanen da suka zo daga nesa, tana kuma nufin harafi. Tsohuwa ta jinjina kai, ta dubi duwatsun, ta dube ni. Sannan ta buɗe baki ta ce, "Baƙi."

Wallahi kamar a Fagge aka haife ta. Ƙ ɗin ya fito tas, da ɗan tsallensa. Ashe suna da mai kama da shi a harshensu. Aram ya gwada, shi ma ya fito. Suka juya ga Safiya suna murmushi, su a ganinsu wasa ake yi. Ta ce, "Baki." Ta sake, "Baki." Ta juya ta tafi mota ta zauna.

Har muka baro ƙasar ba mu sake ta da maganar ba. Ranar tafiya tsohuwa ta rataya wa Safiya sarƙar azurfa mai ɗauke da harafin sunanta, ni kuma ta cika mini jaka da busasshen tsiran. Ta yi kuka, Safiya ta yi kuka. Ni ma na yi, don tsohuwar ta shiga raina duk da komai. A jirgi Safiya ta sa abin jin kiɗa a kunne tun daga Tbilisi har Dulles.

Da na ba babanta labari ya saurare ni har ƙarshe. Can ya ce, "To, dutse dai ba mu da shi." Na ce muna da ɗakin ƙasa da ba abin da ke cikinsa sai tsofaffin akwatuna. Na kwashe su, na sayo allo da alli, na gaya wa duk wadda na haɗu da ita a masallaci cewa ranar Asabar da hantsi zan fara koyar da karatun Hausa, kuma doka ɗaya ce: ba a yi wa kowa dariya. Kowa ta ce madalla, Allah Ya ba da lada. Ku da kuke karanta wannan kun san ko kun turo 'ya'yanku. Wannan yana da ƙwallo, wancan yana da gasar ninƙaya.

Safiya ma ta ce tana da aikin makaranta, ta haye sama ta rufe ƙofa.

Ina zaune ni kaɗai gaban allo, na fara tunanin in mayar da akwatunan, sai aka ƙwanƙwasa. Ani ce, da fensir a hannu. Ta ce in ba damuwa tana so ta koya, tunda Safiya ta koyi nasu. Na ce bismilla, zauna.

Yarinyar nan kai gare ta. Na ce ƙasa, ta ce ƙasa. Na ce ƙofa, ta ce ƙofa. Ɗ ya ɗan ba ta wuya, amma da ta kama shi sai ga ɗaki, ga ɗinki. Na manta da kaina, na ɗaga murya ina cewa, "Yauwa 'yata! Haka ake yi! Allah Ya yi miki albarka, 'yar gidana!"

Sai na ji an buɗe ƙofa a sama. Na ji taku a matakala, a hankali, ana tsayawa ana ci gaba. Ban waiwaya ba. Safiya ta zo ta tsaya a kanmu, fuska a murtuke, ta dubi allon, ta dubi hannuna da ke dafe da kafaɗar Ani. Na san wannan kallon, don ni na yi ta yin sa ta tagar gidan Ashtarak.

Ta jawo kujera ta cusa ta tsakanina da aminiyarta, ta dube ta, ta ce da Hausa, ba wanda ya sa ta:

"Matsa can. Mamata ce."